Lemon Inna Ya Ƙi Shan Ruwa

Ƙanwata Malama,

Gaisuwa mai yawa, ya ɗalibai? Bayan haka, hankalina a tashe yake. Bishiyar lemon da marigayiya Inna ta dasa a tsakar gida tana mutuwa. Ganye ya yi yaushi, alhali ƙasar jiƙe take sharkaf. Na ƙara mata takin zamani cikin tafin hannu, abin sai gaba yake yi. Baba ya tare a gindinta, abinci ma sai an yi da gaske. Jiya na ji yana ce mata, "Ke ma tafiya za ki yi?" Wallahi tsoro nake ji. Ke mai koyar da ilimin tsirrai, yau ga ranarki.

Yayanki.

Yaya,

Ina amsawa. Don girman Allah ka ɗaure bakin buhun takin nan! Saiwa ba ta da baki. Wata fata ce siririya a jikin ƙwayoyinta, ruwa yana ratsa ta ya nufi inda gishiri ya fi yawa. Takin zamani kuwa ɗan'uwan gishiri ne. In ya yi yawa a ƙasa, sai ruwan ya juya, ya fito daga saiwar. Ba ka ga yadda yankakkiyar albasa take tsatsafo ruwa in an barbaɗa mata gishiri ba? Ƙishirwa ke kashe ta a tsakiyar ruwa. Ka kwashe ƙasar sama, ka yi ta kwarara ruwa ya wanke sauran. Amma cikin tafin hannu bai isa wannan ɓarnar ba, ka bincika. Ni ma na kasa zaune na kasa tsaye. A gaishe da Baba.

Ƙanwarka.

Malama,

Ina gaisuwa. Ashe mu uku ne masu zuba takin! Matata tana zubawa in na fita aiki, Baba kuma daga aljihun rigarsa, kowa a ɓoye. Da na karanta masa bayaninki sai ya ce, "Wato mu ne?" Ya fizge bokitin ban ruwa daga hannuna, ya hana kowa taɓawa. Sauran ganyen duk ya zube. Ki sa mu a addu'a.

Yayanki.

Malama,

Toho ya fito. Yau Baba ya cinye abincinsa har ya nemi ƙari, amma ya ce a rage gishiri.

Yayanki.