Ni Na Toshe Indararon Gidan Inna

Assalamu alaikum, masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a ji ni har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Da girmana na koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci, in an ga kuskure a yi haƙuri.

Ni mutumin Maruta ne, sayar da hatsi ya kawo ni Birnin Kudu, iyalina suna gida. Na kama hayar ɗaki a tsohon cikin gari, a wani gidan ƙasa mai zaure da soraye, irin wanda ko da bazara ka shiga sai ka ji sanyi. Mai gidan tsohuwa ce, kowa Inna yake ce mata. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna Kano. Ranar da na tare ta ce, "Malam, ni ba ɗan haya nake nema ba, wanda zai amsa in na yi kira nake so." Ba ta taɓa dama kunu ta manta da ni ba. In na dawo daga aji sai ta ce, "Ɗalibi mai furfura, yau ma an sha bulala?"

Da damina ta kama, akwai indararo ɗaya da yake zuba daidai ƙofata, inda nake jera buhunan gero. Me ya hana ni gaya mata? Me ya hana ni matsar da buhunan kawai? Ranar da ta tafi gidan suna na sa tsani, na cusa tsohon buhu a bakinsa na liƙe da laka, na ce ai akwai sauran, ruwa zai nemi hanya. Ashe a kan soron marigayi mijinta ruwan ya riƙa kwanciya, sati da sati, har azara ta jiƙe. Soron nan a ciki buzun sallarsa yake, a ciki take zama kullum bayan la'asar. Wata ranar da aka yini ana ruwa, rufin ya rufta. Allah ya tsare tana madafa. Ta fito ta tsaya cikin ruwa ba mayafi, tana ta salati. Ni kuwa washegari, kafin kowa ya hau, na je na zare buhun nan na jefar. Wannan shi ne abin da ya fi ci na.

'Ya'yanta suka zo. Babban ya ce, "Inna, gidan nan ya gaji. Yau soron Baba, gobe ɗakinki. Sayarwa za a yi, ki dawo wurinmu." Ta ce, "Nan aka kawo ni amarya, nan nake so a yi mini wanka." Maginin da yake yi wa gidan yaɓe duk shekara ya rantse rufin lafiyarsa ƙalau, ba wanda ya saurare shi. Yanzu har masu saye sun fara zuwa, suna maganar inda shaguna za su zauna. Inna ta daina tsokanata, kunun ma sai ta dama ta bar shi ya huce.

Jiya ta same ni a zaure ta ce, "Malam, kai da kake kwana a nan, gaya musu gidan nan bai gaji ba. Kai ba ka ƙarya, za su ji maganarka." Na sunkuyar da kai.

In na faɗi abin da na yi, wataƙila su gyara soron su bar ta a ɗakinta, amma da wane ido zan ƙara kallonta? In na yi shiru, za a sa ta a mota tana waiwayen ƙofarta, tana sa mini albarka. Ranar Juma'a 'ya'yan za su dawo da mai saye. Jama'a, don Allah, me zan yi?