Kwamfuta da Tsayuwata a Madalla

Malam Kamaluddeen, ka taimaka mini, domin na gaji da magana da bango. Da ajami na rubuto, ban yi boko ba, in ba ka iya ba ka nemi mai karanta maka.

Ni direba ne a wani kamfanin rarraba magunguna, ina zirga-zirga tsakanin reshen Suleja da na Minna da hedkwata a Abuja. Tun ana kiran garin nan na Suleja da sunan Abuja nake riƙe da sitiyari. Shekarun baya mota ta mutu mini a dajin Lambata, da damina, na kwana na wuni ina gadin kayansu da yunwa. Ko kare ba a turo ya neme ni ba. Da na dawo, wanda ya fara magana kwalaye ya ƙirga. Na kai kuka ofis ya fi a ƙirga, har yau ba wanda ya ce mini sannu.

To, bana sai ga kwamfuta. An ajiye ta kowane reshe, an haɗa su da wayar tarho, an ba duk mai yawo irina lambar sirri. Ka iso ka danna, za ka tashi ka danna. Wani Vincent yana zaune a Abuja cikin sanyi, yana ganin shigarmu da fitarmu a gilashin kwamfuta. Ni da na haife shi! Ɓarawo ake sa wa ido, Malam, ni me na sata?

Yanzu ya kai wa manajarmu, Madam Adenike, cewa kullum in na baro Abuja ina daɗewa kafin lambata ta bayyana a Suleja. Ta ce in yi bayani kafin ƙarshen wata, ko a sallame ni. Na ce ta tambayi na'urar, tunda ita ce mai ido.

Kai zan gaya wa, tunda ba ka san fuskata ba. A Madalla nake tsayawa. Yayata Asibi tana can, ɓarin jikinta ya shanye, kuma ta ƙi cin abinci a hannun kowa sai nawa. Ita ta goye ni. In ba ta kunu, in gyara mata kwanciya, in wuce. Ba zan yi tallar ciwon gidanmu a ofis ba, inda magana ke yawo kamar kuɗin cizo. Amma in aikin ya tafi, da me zan riƙe ta?

Ina son amsa. Ina idon nan yake ranar Lambata? Wani ya amsa mini, ko sau ɗaya kafin in mutu.

Tsohon Direba, Kurmin Sarki

*

Baba, sannu. Sannu da Lambata, ko da ta zo a makare kuma ba daga bakin da ya kamata ba. An yi maka ba daidai ba, wannan babu ja.

Amma duba wani abu a wasiƙarka. Shekaru kana kukan ba wanda ya damu da inda kake. Yau ka yi jinkiri kaɗan, wani a Abuja ya lura. Da na'urar nan tana nan a wancan lokacin, da ba ka kwana a daji babu wanda ya sani ba. Idon da ke ganin ka makara, shi ne zai ga ba ka iso ba. Kuma magani kake ɗauka, akwai marasa lafiya da ke jiransa, don haka kamfani yana da hakkin sanin inda motarsa take. Vincent aikinsa ya yi.

Sai dai na'ura lokaci kawai ta sani, dalili yana bakinka. In ka yi shiru, zato ne zai cike gurbin, zato kuwa ba ya zaɓar alheri.

Kada ka jira ƙarshen wata. Ka nemi ganin Madam Adenike ita kaɗai, ka ce sirrin gida ne ka ba ta amana. Gaya wa mutum ɗaya ba talla ba ce. Ka roƙi a amince maka da tsayuwar Madalla a fili, ko a gyara maka lokacin tashi. Mai shekarunka a bakin aiki, da wuya a ƙi shi a kan wannan. Sannan ka kawo maganar Lambata, ba da faɗa ba: ka nemi a kafa doka, duk direban da lambarsa ba ta bayyana ba, a tashi a neme shi. Wannan ita ce amsar da ta fi sannu.

A gida kuma, ka riƙa zuwa da wata 'yar'uwa tana zama kusa in kana ba Yaya Asibi kunu, har ta saba da hannu na biyu. Mota takan mutu, kai ka fi ni sani.

Allah ya ba ta lafiya, ya bar maka sitiyarinka. Ka gaishe ta.