Ƙafar Zainabu Ba Tawa Ba Ce

Yaya Sani,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya jikinka, yaya iyali da zaman Agadas? Mu nan Karofane alhamdu lillahi, muna ta haƙurin rashin maigidana.

Ranar addu'ar bakwai, mai motar da ta kife da maigidana da Zainabu a hanyar Madawa ya zo gaisuwa, na ce na yafe. Da zuciya ɗaya na faɗa, rai na Allah ne. Da na fita takaba na tayar da batun asiransi, wato kuɗin inshorar motar, don ƙafar ɗiyata Zainabu tana buƙatar wani aiki a likita. Sai mai motar ya aiko wai ai na yafe gaban mutane. Baffa ma ya ce in bari, kada a ce na ci kuɗin jini.

Yaya, jinin mijina na yafe. Ƙafar Zainabu ba tawa ba ce balle in yafe ta. Jiya ta tambaye ni, "Inna, da sanda zan koma makaranta?"

Ranar kasuwar Madawa zan je wurin jandarma in karɓo takardar hatsarin don neman kuɗin asiransin, ko Baffa ya raka ni ko in tafi ni kaɗai.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaida Mariya da yara.

Ƙanwarka,
Hadiza