Ƙarar da Azumi Ta Ƙi Kaiwa

Landan, Ingila
17 ga Yuli, 1963

Zuwa ga Azumi, sanyin idona, inuwar tsamiyar da nake tunawa duk ranar da duniya ta yi mini zafi, ruwan farko a kan gonar da ta gaji da jira! Gaisuwa mai yawa da so da bege, daga mijinki Sabitu, wanda ya yi nisa, ya kuma yi laifi.

Albishirinki! Jiya aka kira sunana a babban zauren lauyoyi, na miƙe cikin baƙar riga, aka ce daga yau na zama lauya. Baturen da ya kira sunan sai da ya karya shi gida uku, amma ban damu ba, don hankalina ba ya wurin. Ana tafi, ni kuwa ina Rawayau, ina kallonki kina shiƙar gero a bakin rumbu, iska na wasa da gefen mayafinki. Wa ya isa in fara gaya wa in ba ke ba? Wa ya ci wannan jarrabawa in ba ke ba?

Ga hoto nan na saka a ciki. Don Allah ki riga Inna gani, ki shaida mata farin abin da ke kaina ba furfura ba ce. Hula ce ta gashin doki, ita lauyoyi ke sawa. In ba ki faɗa mata ba, na san uwata, za ta ce Ingila ta tsofar mata da ɗa, ta tara maƙwabta a yi jaje. Kuma ki yi dariya yadda kike so, a garin nan ba a zama lauya sai an ƙidaya wa mutum zaman cin abinci a zauren nan, ko da ya haddace littattafan duniya. Na ci shekara uku a jami'a, na zauna na ci dafaffen kabeji ba gishiri ba yaji har adadi ya cika, ina ci ina tuna miyar kukarki mai daddawa, ina haɗiye miyau a gaban manyan alƙalai.

Kin tuna ranar da na tashi? A tashar motar Dutsin-Ma, rana ta fara leƙowa ta bayan dutsen, kin tsaya nesa saboda kunyar mutane, kin ƙi ɗaga ido. Na ce miki damina huɗu, ba ƙari. Sai kika ɗaga yatsu huɗu a ƙarƙashin mayafi, kika lanƙwashe su a tafin hannunki kamar mai ajiye goro. Wallahi yatsun nan huɗu sun bi ni har cikin jirgin ruwa, sun zauna da ni a aji, sun tashe ni sallar asuba a cikin sanyin da ke fasa leɓe.

Sai damina ta huɗu ta zo, na shiga jarrabawar ƙarshe, na faɗi. Ya Azumi, a nan ne na yi abin da har gobe nake jin kunyarsa. Ni da aka raka da addu'a tun daga Kurfi, ni da na bar kujerar magatakardan alƙali ana cewa ɗanmu zai dawo da shari'ar duniya a kansa, da wane baki zan ce na faɗi? Na ɗauki alƙalami ya fi sau ashirin, na ajiye. Wata takwas ban aiko miki da ko harafi ɗaya ba. Na ɗauka shiru zai rufa mini asiri, ashe ke na bari a rana.

Ban ga laifin Baffa Alu ba, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa na tsaga bangon. Shi ne waliyyinki tun rasuwar mahaifinki, ya ga ɗiyar ɗan'uwansa zaune, ba miji ba labarin miji, ya kai magana gaban alƙali a raba auren. Abokina Ɗanmusa, wanda ya gaji kujerata a kotun, shi ya rubuto mini yadda aka yi, na karanta har takardar ta yi laushi. Ya ce da aka tambaye ki, kin durƙusa, kika ce: "Allah shi gafarta Malam, auren nan nawa ne ko na Baffa? In nawa ne, to ni ban kawo ƙara ba. Na yi shuka, na yi noma, na yi maimai, ba ni barin gona don ruwa ya ɗauke kwana biyu. A ba shi zuwa yankan gero. In bai zo ba, da ƙafata zan dawo nan."

Kaico, ni da littattafaina! Zango guda muka yi a jami'a ana koya mana cewa wanda aka cuta shi ke da bakin kai ƙara, ba waninsa ba. Ke kika faɗe shi a numfashi ɗaya, ba hula ba baƙar riga, alƙali ya rufe littafinsa. Gidanmu ya yi lauya tun kafin ni, kuma shari'ar farko da ta ci, ni ta cece.

Sannan wasiƙarki ta iso. Da na ga baƙaƙen a bayan ambulan, manya, suna hawa suna gangara kamar sawun kaji, na ce wane ne wannan? Ashe ke ce, kika shiga ajin yaƙi da jahilci a ɓoye, don kada wani ya ƙara shiga tsakanin bakinki da kunnena. Na haddace ta tsaf, ba abin da na haddace a ƙasar nan kamarta: "Malam, ni ce Azumi da hannuna. An ce ka faɗi. Ba a kanka aka fara faɗuwa ba. Ba faɗuwar ta ɓata mini rai ba, shirun ne. In ka ci ka zo, in ka faɗi ka zo. Sauran magana sai ka zo."

Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Washegari na sake rubuta sunana a jarrabawar, na jingina takardarki a jikin fitila, duk sa'ad da ido ya gaji na dube ta. Da me zan biya ki, ya ruwan sanyi a tsananin ƙishi? In na ce na gode, kalmar ta yi kaɗan. In na ce Allah ya saka, shi kaɗai ya san adadin. Na gode da yatsun nan huɗu da ba ki buɗe ba ko da damina ta biyar ta shigo. Na gode da durƙuson nan a gaban alƙali. Na gode har da faɗan da ke ƙunshe a layinki na ƙarshe, don wanda aka fid da rai da shi ba a ajiye masa sauran magana.

Amma layin nan na hana ni sakewa. Kin hana a raba mu, na sani, sai dai ba ki ce kin yafe ba. Jirginmu zai tashi ranar ashirin da biyar ga wata, kwana goma sha huɗu zuwa Ikko, daga nan jirgin ƙasa, daga nan mota. An ce sai na yi wata uku a makarantar lauyoyi ta Ikko kafin in tsaya a kotu. Na ce su jira, akwai kotun da ta riga tasu kirana. Da yardar Allah gero na tsaye a gona zan iso Rawayau.

Roƙona ɗaya ne. In na iso, kada ki shimfiɗa mini tabarma, kada ki kawo ruwa tukuna. Zan fara gaida Baffa Alu in ba shi haƙuri, sannan in tsaya a bakin ƙofarki tsayuwar mai laifi. Ba ni da shaida, ba ni da hujja, na amsa laifina tun kafin a karanta mini. Ki faɗi sauran maganar duka, kada ki rage. Duk hukuncin da kika yanke na karɓa, ba zan ɗaukaka ƙara ba.

Na rubuta wannan da manyan baƙaƙe don ki karanta da kanki. Naki ne ni, a ruwa da tudu, muddin da sauran numfashi, kuma ba za ki ƙara jin shiruna ba.

Mijinki mai jiran hukunci,
Sabitu