Hannun Tsigi da Bakin Kwalba

Inna,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya jikin Baba? Ya su Auta? Ni lafiya lau, ruwan soda ne kawai ya ɗan farfasa min hannu, kada ki damu.

A gidan wankin kwalaben da nake aiki, ƙananan yara ake sawa su wanke ciki, don hannunsu kaɗai ke shiga bakin kwalbar. Akwai wata 'yar ficiciya da muke kira Tsigi. Hannunta ya fara girma, sai maigidan ya ce, "Ke kin gama yayi, gobe ki kawo ƙanwarki."

Ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Ƙanwata tana makaranta. Ni na ce maka na gaji?"

Kullum sai ta shafa sabulu ta cusa hannun da ƙarfi. Gaɓoɓin duk sun saluɓe, amma tana yi tana tsokanata, wai nawa kamar faranti. Wallahi Inna, ban taɓa ganin zuciya irin tata ba.

Na ji Kawu yana so a cire ƙanwata Auta daga makaranta a kai ta aikatau. Ban yarda ba! Zan ƙara ƙwazo a nan. Idan Tsigi ta tsaya wa ƙanwarta, ni ƙatuwa da wane ido zan kalle ta in na kasa tsaya wa tawa?

Allah ya bar mana ke.

'Yarki