Wane Isaac ne Namu?

Litinin, 3 ga Oktoba

Likita ya ce zuciyar Baba ta gaji. Makonni, wataƙila wata biyu. Ni da ƙanena Thierry muna tsaye a bakin gado, sai Baba ya ce, "Noélie, kusa da Isaac za ku sa ni."

Isaac Larguier. Tun ina yarinya nake jin sunan a kan teburin cin abinci. Kakan kakanninmu, ɗan Huguenot, wato ɗan Furotesta na ƙasarmu Faransa, wanda sojojin sarki suka tare a gidansa a 1685 don ya bar Furotesta ya koma Katolika, ya ƙi sa hannu. Da ya mutu fada, limamin cocin Katolika, ya hana shi maƙabarta, aka binne shi a gonarsa. To ina gonar? Babu wanda ya sani. Shekara ɗari ke nan da danginmu suka sauko daga duwatsu suka kama aikin haƙar kwal a garin Alès. Sau ɗaya Baba ya je, yana da shekara bakwai, kakarsa ce ta kai shi. Abin da ya tuna: katangar dutse, dogayen bishiyoyi uku, ƙarar ruwa.

Na ce masa zan nemo. Me ya kai bakina?

Laraba, 5 ga Oktoba

Soleyrac, ƙauyenmu na asali. Awa ɗaya da rabi ina ta shan kwana har kaina ya juya. Makullin majami'armu ta Furotesta yana hannun wata tsohuwa, Madam Pantel. Na tambaye ta littafin haihuwa da mutuwa na wancan zamani, ta yi dariya har da tari.

"'Yata, a lokacin ko majami'ar ma babu, sun rushe ta. A kogo ake ibada. Ki nemi littafin fada, shi ke rubuta mu, har da zagi."

Da na faɗi sunanmu ta ce, "Larguier? A kwarin nan in kin jefa dutse, in bai sauka kan akuya ba to kan Larguier ya sauka."

Ta ba ni cukun akuya guda biyu. Ban san me na samu yau ba bayan cuku.

Juma'a, 7 ga Oktoba

Gidan ajiyar tsofaffin takardu, tun safe har aka tashi. Rubutun fadan kamar kaza ta taka tawada. Amma na same shi.

Na same SU. Su biyu ne.

Isaac Larguier biyu, 'ya'yan wa da ƙane, shekara biyu tsakaninsu. Ɗaya ya sa hannu cewa ya bar addinin, wata ɗaya kacal bayan zuwan sojoji, kuma an binne shi a farfajiyar cocin Katolika da addu'ar fada. Ɗayan kuwa fada ya rubuta: ya mutu cikin taurin kai, danginsa sun tura shi a ƙasa a gonarsa. Matar wannan Jeanne, matar wancan Jeanne. Kowanne yana da ɗa Pierre. Mu kuma daga Pierre ɗan Isaac da Jeanne muka fito.

Sau huɗu na zana jerin a takarda. Kowane karo sai in ɓace a wuri guda.

Asabar, 8 ga Oktoba

Ban je wurin Baba ba. Me zan ce masa?

Talata, 11 ga Oktoba

Thierry ya kira ina kan hanya. "Yaya, tsohon nan yana ƙarewa, ke kina bin wanda ya ruɓe shekara ɗari uku. A sa shi a maƙabartar gari kamar kowa mana." Na ce ai shi ya roƙa. Ya ce, "Jiya sau uku yana tambayar ki, shi ma roƙo ne." Na kashe wayar.

Maƙabartu biyar na shiga yau, duk a cikin gonaki, kowacce ba ta fi ɗaki girma ba. Tsofaffin kaburburan babu suna, falalen dutse ne kawai a kafe, don a lokacin sa suna neman bala'i ne. Ɗaya tana da bishiyoyi uku amma babu ruwa. Ɗaya tana bakin rafi amma bishiya guda ce, da kututture biyu. Ko kuwa ɗaya ne? Ban ma tabbata kututture ne ba.

Ta bakin rafin ta wani makiyayin awaki ce, Malam Rouvière, ya haura saba'in, ba ya ji sosai. Ya ce mutanensa ne a ciki, amma kakarsa ta ce akwai baƙo ɗaya a gindin katanga. Larguier? Ya ce, "Ko Larguier, ko Laporte. La-wani abu dai."

Na zauna a kan katangar na yi kuka, akuya tana cin igiyar jakata.

Alhamis, 13 ga Oktoba

Na wuce ta gaban cocin Katolika ban tsaya ba. Haushin mutumin nan nake ji, mai sa hannun. Wata ɗaya! Sai kuma in tuna littafin ya nuna 'ya'yansa biyar ne a lokacin, ƙaramar jinjira ce. Sojoji takwas a gidanka suna yanka maka tumaki, suna buga ganga a kan gadon mai jego. Ni da na yi shekara talatin ina karɓar haihuwa, me zan yi? Ban sani ba. Amma duk da haka ba na so ya zama namu.

Juma'a, 14 ga Oktoba

Na je. Ya rame ƙwarai cikin kwana goma sha ɗaya, zoben aurensa yana yawo a yatsa. Na nuna masa hotunan a waya, ya dudduba ya ce duk katanga ce. Sai kawai na faɗa masa gaskiya: su biyu ne, ɗaya ya sa hannu, kuma ban san wanne ne namu ba.

Na zata zai fusata. Ya rufe ido har na ɗauka barci ya yi. Can ya ce, "Ashe shi ya sa."

Wai ranar da kakarsa ta kai shi, wuri biyu suka je. Bayan gonar, ta ja shi zuwa ƙofar farfajiyar cocin Katolika, ta tsaya daga waje ta daɗe, ba ta shiga ba, ba ta ce komai ba. Shekara saba'in da tara bai gaya wa kowa ba, don bai gane ba.

Na ce to ke nan ita ta sani? Ya ce, "Ko kuwa ita ma ba ta sani ba." Sai ya kama dariya, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Ni ban ga abin dariya ba. Sai ma na ƙara ruɗewa.

Da zan tafi ya ce, "Zauna mana, uwata. Kin zo kamar mai kawo wasiƙa."

Na zauna. Na yanke masa farce.

Talata, 18 ga Oktoba

Malam Rouvière ya sa jikarsa ta kira ni, yana ta ihu a bayanta. Wai ya yi tunani: akwai wuri a gindin katanga, kusa da baƙon. "Ki gaya wa mahaifinki waɗanda ke ciki ba su taɓa tambayar kowa takarda ba."

Na gaya wa Baba. Ya ce, "Ana jin ruwan?" Na ce ana ji. Ya ce shi ke nan.

Shi ke nan? Ni da na yi mako biyu ina neman hujja?

Juma'a, 21 ga Oktoba

Thierry da kansa ya ɗauki takardun izinin binne Baba a gonar, shi ya raka mai gwajin ƙasa ya duba ko kabarin zai ɓata ruwan rafi. Ya dawo takalminsa duk laka ya ce, "Wurin ba laifi." Daga bakinsa wannan yabo ne babba.

Ma'aikaciyar gidan ajiyar takardu ta aiko saƙo: ta gano wata yarjejeniyar aure ta Pierre, wataƙila ta raba gardama. Na ce sai mako mai zuwa.

Alhamis, 27 ga Oktoba

Baba cokali uku ya sha yau. Kullum ina wurinsa daga safe zuwa la'asar, ban da jiya da na hau dutse don Malam Rouvière ya sa hannu a takardar izini. Ban koma wurin takardun ba. Ba wai na fasa ba ne, lokaci ne babu.

A hanyar dawowa na tsaya a cocin Katolika, don akwai famfo a farfajiyar kuma gorata ta ƙare. Babu dutse mai sunansa, na duba, tunda dai na riga na shiga. Ciyawa ta cinye ɓangaren tsofaffin kaburbura gaba ɗaya, abin ba kyan gani. Na ɗan cire kaɗan.

Har yanzu tafin hannuna yana zafi.