Mangwaron da Babu Shi a Hoton

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, ni dama idan na fara zance sai na zagaya gari kafin in iso gida. Na yi wa mahaifina ƙarya a wurin da babu mai ido da zai gan ta, yanzu saura kwana goma sha biyu asirina ya tonu.

Bari in fara da aikina, don daga nan abin ya samo asali. Ina aiki a wani ƙaramin ofis da ke bayan ɗakin karatu, tebur uku, taga ɗaya, da tsohuwar fanka mai kukan ƙarfe. Muna karɓar takardun da mutane suka buga a kwamfuta, littattafan makaranta, rahotanni, bayanin yadda ake shan magani, mu gyara su mu mayar da su fayil ɗin da makaho ko mai raunin gani zai buɗe a wayarsa, manhaja ta karanta masa da murya. Mai ido idan ya ga takarda ta yi kyau sai ya ɗauka an gama. Ita kuwa manhajar ba ruwanta da kyau. Wanda ya ƙara wa rubutu girma da kauri ya ce ya yi kan babi, a wurinta bai yi komai ba, sai na bi babi babi na sa musu alamar gaskiya, don mai saurare ya iya tsallakawa zuwa inda yake so. Wanda ya yi ta danna maɓallin barin sarari don ya jera lambobi, sai na rushe na gina masa jadawali na sosai. Sannan ga hotuna. Idan ba a rubuta komai ba, muryar tana isowa ta ce "hoto" kawai ta wuce abinta. To akwai wani ɗan akwati a ɓoye bayan kowane hoto, a nan muke rubuta abin da ke cikinsa. Mai ido ba ya ganin wannan rubutun, mai saurare kaɗai ke jin sa.

Wannan ɗan akwatin shi ne inda raina ya fi kwanciya a duk aikin. Da yamma, idan rana ta karkato ta taga ta kwanta a kan teburina, nakan tsura wa hoto ido har in ji kamar na shiga ciki ina yawo. Abokiyar aikina, wadda makauniya ce, ita ke sauraren kowane fayil kafin ya fita. Alƙaliya muke ce mata, don ba a wuce ta da kuskure. Tana yawan zolayata wai ko hoton famfo aka ba ni sai na sa masa gajimare a sama. Ta sha gaya mini cewa ido ne aka ba ni aro, in faɗi abin da ke wurin in yi shiru. Shekara huɗu ina bin wannan ƙa'ida, ko da raina na so in yi ƙari.

Baba kafinta ne. Idonsa ya tafi shekara shida da suka wuce, kuma bayan rasuwar Mama aka sayar da gidanmu ya dawo wurina da zama. Gidan nan, Gwaggo, ƙofarsa shuɗiya ce, a gabansa akwai mangwaron da Baba ya dasa shekarar da aka haife ni, a ƙarƙashinsa kuma bencin da ya haɗa da hannunsa. A nan Mama take zama da keken ɗinkinta, shi yana gefe yana goge katako, ɓawon itace yana zuba a ƙafarsa yana nannaɗewa. Har yau idan na ji ƙanshin sabon katako sai in ga kaina a wurin.

Bara Yayana ya ɗauki aikin rubuta tarihin iyalinmu, shafi arba'in har da hotuna. Ya yi tafiya takanas zuwa tsohuwar unguwar don ya ɗauko hoton gidan. Ya so ya riƙo wa Baba tsarabar mangwaro, ya ce ya zagaye kasuwa bai samu ko ɗaya ba don ba lokacinsa ba ne, sai ya kawo lemo, Baba ya sha. Yaya ba mai yawan magana ba ne. Da Baba ya tambaye shi gida, ya ce gida yana nan, zancen ya tsaya a nan. Daga baya ya turo mini takardar in gyara ta yadda Baba zai saurara. A gida na yi aikin, ranar Asabar da hantsi, don haka bai bi ta kunnen Alƙaliya ba.

A shafi na talatin da ɗaya na ci karo da hoton. An sare mangwaron. Kututturensa kawai ya rage, an jibga tsofaffin tayoyi a kai, don gaban gidan ya zama shagon mai faci. An cire shuɗiyar ƙofar an sa ta ƙarfe. Benci kuwa babu ko alamarsa. Na buɗe akwatin na rubuta gaskiya, na karanta, na goge. Na sake rubutawa na sake gogewa. Baba yana baranda ina jiyo tarinsa. Ban san lokacin da hannuna ya rubuta wannan ba: "Gida mai shuɗiyar ƙofa. A gabansa babban mangwaro ya yi inuwa har bakin titi, 'ya'yansa sun nuna sun yi jawur, wasu sun faɗo ƙasa. A ƙarƙashinsa benci na katako, ya tsufa amma yana tsaye da ƙafafunsa. Hasken rana yana ratsa ganye yana sauka a kan bencin." Na rufe akwatin, na mayar da takardar fayil, na sa masa a waya.

Tun ranar, kullum da safe bayan ya sha shayi sai ya zauna a baranda ya kara wayar a kunne. Da alamomin babin da na sa da hannuna yake tsallakawa kai tsaye zuwa wurin. Yakan rage saurin muryar don ta karanta a hankali, ya maimaita sau uku ko huɗu, yana shafa gwiwarsa kamar yana shafa katako. Muryar manhaja ce, babu daɗi babu ɗaci, amma idan ta zo kan hasken rana sai in ga fuskarsa ta saki. Sau biyu ya tambaye ni ko Yaya ne ya ɗauki hoton da kansa a wannan tafiyar tasa. Na ce shi ne. Ya ce ikon Allah.

Makon jiya ya ce a kai shi. Yana so ya je ya taɓa bishiyar. Yaya ya amince, ya sa ranar ƙarshen wata, har yana yaba wa Baba ƙarfin hali, don shi a zatonsa Baba ya riga ya ji labarin tayoyin daga fayil ɗin. Shi yana ganin hoto ɗaya, Baba yana jin wani, a shafi guda, kuma ni kaɗai na san haka.

Sau uku ina buɗe fayil ɗin in gyara a ɓoye in sauya masa a waya, sai in tuna ya haddace kalmomin. Na yi tunanin ƙirƙiro uzuri a ɗaga tafiyar, amma har yaushe? Kuma in gaya miki gaskiya, ni ma nakan sa abin a kunne a ofis in saurara, in lumshe ido in ji Mama tana taka keke. Ina jin kunya, ina jin tsoro, amma ban iya yin nadama gaba ɗaya ba. Mutumin da ya rasa ido da mata da gida, laifi ne in bar masa bishiya ɗaya? Ko in bar shi ya je, in ce an sare ta ne bayan ɗaukar hoton? Ki faɗa mini abin yi, kwanakin suna gudu.

Taki,
Mai Aron Ido

*

'Yata Mai Aron Ido,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma sai da na ji inuwar mangwaron nan a jikina. Allah ya ba ki hannun rubutu. Ban ɗauke ki maƙaryaciya ba, na ɗauke ki ɗiyar da ta ga abin da zai sosa ran mahaifinta ta tare shi da jikinta. Kuma safiyoyin da ya yi yana murmushi a baranda ba ƙarya ba ne, ya same su, babu mai ƙwace masa.

Amma Alƙaliya ta fi ki gaskiya. Mai ido idan aka yi masa ƙarya a kan hoto zai duba ya ƙaryata. Babanki ba shi da wannan damar, abin da kika sa a akwatin nan shi ne hoton gaba ɗaya a wurinsa. Kin yanke masa hukuncin abin da zai iya ɗauka ba tare da kin tambaye shi ba, alhali mutum ne da ya binne matarsa ya kuma koyi zama da duhu. Yayanki ya ga kututture ya yi baƙin cikinsa ya wuce. Baba kaɗai aka hana nasa, don kawai ba ya gani. Wannan shi ne ainihin abin da aikinki yake yaƙi da shi kowace rana.

Maganar cewa an sare ta bayan ɗaukar hoto, ki cire ta daga ranki. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Yayanki yana buɗe baki a mota za ta rushe. Kada kuma ki sauya fayil a ɓoye, ki sa tsoho ya fara zargin kunnensa, wanda shi ne abin da ya rage masa.

Ga abin da nake ba ki shawara. Cikin kwana biyun nan, da safe, bayan shayi, ki zauna kusa da shi ki faɗa masa da bakinki. Ki fara da abin da ke cikin hoton, kututture da tayoyi da ƙofar ƙarfe, sannan ki faɗi abin da kika yi da dalilinki, ki nemi gafara. Kada ki cika shi da kuka har ya zama shi ne zai rarrashe ki. Idan ransa ya ɓaci, haƙƙinsa ne, ki ba shi lokaci. Ran nan kuma ki kira Yayanki ki sanar da shi. Bayan haka ki gyara akwatin, ki rubuta gaskiya a taƙaice, ki kai wa Alƙaliya ta saurara. Za ta yi miki tsiya, ki sha, kin cancanta. Shi kuwa wancan rubutun mai kyau kada ki goge shi. Ki fito da shi daga ɓoye ki sa shi a cikin tarihin, a fili, ƙarƙashin kan babi nasa, a matsayin gidan yadda kike tuna shi, kowa ya karanta. Ki roƙi Baba ya faɗi nasa ki rubuta, don na tabbata hoton da ke kansa ya fi naki da na Yaya cika.

Yanzu bari in nuna miki abin da kika rubuta da hannunki ba ki lura ba. Kin ce Yayanki ya rasa mangwaro a kasuwa a wannan tafiyar har ya kawo lemo, kuma Baba ya sha lemon. Sai ga shi a hoton tafiyar kin cika bishiya da nunannun 'ya'ya har suna faɗowa. Mutumin da ya dasa bishiya ya zauna ƙarƙashinta shekaru masu yawa bai san lokacin 'ya'yanta ba? Sau biyu ya tambaye ki, 'yata. Ba zan rantse ba, amma ina kyautata zaton ya daɗe da gane cewa muryar manhaja ce ke karantawa, maganar kuwa ta ɗiyarsa ce, kuma wataƙila ita yake maimaitawa kowace safiya. Mai yiwuwa ke yake jira ki gama tattara ƙarfin hali.

Idan ya ji komai ya ce har yanzu zai je, kada ki hana. Ku tafi tare. Ku gaisa da mai faci, ku roƙe shi ya sauke tayoyin na ɗan lokaci. Babanki kafinta ne, bai taɓa buƙatar ido don ya san itace ba. Ki kama hannunsa ki ɗora a kan kututturen, sannan ki yi shiru, wannan hoton shi zai yi miki bayaninsa.

Allah ya jiƙan Mama, ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa tafiyar ta zo muku da sauƙi, ke kuma ya yi wa aikin hannunki albarka.

Gwaggonki